Haƙoran yaran Kaltungo: ruwan yau ko ruwan shekara goma baya?

Duk wanda ya zauna a kudancin jihar Gombe ya san abin. Yaro ko budurwa su yi murmushi, sai ka ga haƙoran gaba da ɗigo-ɗigon fari kamar an goga alli, wasu da ratsin ruwan ƙasa, wasu har da ƙananan ramuka. A Kaltungo da Billiri da ƙauyukan da ke kewaye da su wannan ba baƙon abu ba ne. Masana ƙasa sun daɗe da auna ruwan rijiyoyin yankin, suka tarar sinadarin fuloraid ya yi yawa a wasu daga cikinsu. Dalilin yana cikin dutsen da garin ke zaune a kai, tsohon dutse irin na giranait, mai ɗauke da ma'adanan da ke sakin fuloraid a hankali cikin ruwan da ya daɗe kwance a tsagoginsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, kuma ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya ɗauki adadin nan.

Wato ko yawan fuloraid na ɓata haƙori, wannan an amsa shi tun kafin a haifi iyayenmu. Abin da ya rage wa mai bincike a Kaltungo na kusa ne: waɗanne rijiyoyi, yara nawa, kuma daga wane adadi ɓarnar ke tsananta a ƙasa mai zafi irin tamu. Wata ɗalibata mai digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ta ɗauki tambayar nan, tsarinta na farko ya kife, aka sake gina shi. Na kawo lamarin ne don matsalar da ke cikinsa ina cin karo da ita a kundi bayan kundi, ko ana maganar ƙurar masu fasa dutse, ko maganin feshi a gonar wake.

Tsarin farko

Ɗalibar 'yar yankin ce, ma'aikaciyar lafiya, kuma ƙannenta biyu suna da irin haƙoran. Ta zaɓi makarantun sakandare na kwana guda biyu a garuruwa daban-daban, ta ɗebi ruwan bohol ɗin kowacce ta kai ɗakin gwaji. Ɗaya ya haura iyaka, ɗaya bai kai ba. Shirinta ta duba haƙoran 'yan ajin ƙarshe a duka biyun ta kwatanta. Tsari ne mai sauƙi da arha: yaran suna wuri ɗaya, ruwansu ɗaya, izini kuma daga hannun shugaban makaranta. Ta yi gwajin share fage da 'yan yara kaɗan, sai ta tarar haƙoran da suka ɓaci suna nan a makarantun biyu, babu wani bambancin a-zo-a-gani.

Ta dawo jiki a sanyaye. "Malam, ko dai ba ruwan ba ne? Mutanen gari ma cewa suke yi gado ne."

Maganar gado tana da tushe a idon mai kallo, domin abin yana bin gida gida. Sai dai 'yan gida ɗaya rijiya ɗaya suke sha, randa ɗaya suke kamfata. Na tambaye ta abu guda: "Malama, yarinyar da kika buɗe wa baki, lokacin tana shekara biyu a ina take shan ruwa?"

Nan gizo ke saƙar. Fuloraid ba ya yi wa haƙorin da ya riga ya fito wannan ɓarnar. Yana yin ta ne tun haƙorin girma yana ginuwa a ɓoye cikin muƙamuƙi, shekaru kafin yaro ya yi famfara. Haƙoran gaba na sama, waɗanda kowa ke gani, sun fi shiga haɗari tsakanin shekara 1 zuwa 3. Zuwa shekara 8 ɓawon kusan dukkan haƙoran girma ya kammala, ban da turamen can ciki da ke fitowa a makare. Ɓawon da ya ginu cikin yawan fuloraid yakan fito da rauni, ruwan ƙasar da muke gani kuma daga baya yake kama shi, bayan haƙorin ya fito ya fara shan launin abinci. 'Yar shekara 17 da ta zo makarantar kwana tana da 12, bohol ɗin makaranta bai da hannu a haƙoranta ko kaɗan. Ɗalibar ta auna ruwa daidai, ta duba haƙora daidai, amma ruwan da ta auna ba shi yaran suka sha a lokacin da abin ya faru ba.

Tarihin wannan ciwo ma da irin wannan lura aka warware shi. Wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya sauka a Colorado Springs ta Amurka a 1901 ya tarar da mutane masu haƙora ruwan ƙasa, ya shafe shekara talatin yana bin sawun dalili. A 1923 ya je wani gari mai suna Oakley a jihar Idaho, inda iyaye suka gaya masa abin ya fara bayyana a yara ne bayan garin ya jawo bututu daga wani marmaro mai ɗumi. Ya ba su shawara su sauya ruwa tun bai san abin da ke cikinsa ba. Suka sauya, kuma yaran da suka taso a kan sabon ruwan haƙoransu suka fito lafiya. Sai a 1931 wani masanin sinadarai, H. V. Churchill, ya gano fuloraid a ruwan garin Bauxite na jihar Arkansas. Abin da ya buɗe wa McKay hanya shi ne jera shekarun haihuwar yara kusa da shekarun da aka sauya ruwa, kuma iyaye ne suka ba shi labarin.

Na zauna da ɗalibar muka yi lissafi a takarda don ta ga girman asarar. A ce akwai yara 100 da suka taso a kan ruwa mai yawan fuloraid, 60 haƙoransu sun ɓaci. A ce akwai wasu 100 da suka taso a kan ruwa mai ƙarancinsa, 10 ne kawai suka ɓaci. Bambancin ninki shida ne. To a ce saboda ruwan yau aka duba, yara 30 daga kowane rukuni sun faɗa ɗaya rukunin. Na farko zai koma yana da 45, na biyu 25. Ninki shida ya sauko ƙasa da biyu. In kuwa rabi ne suka cakuɗe, kowane rukuni zai nuna 35, mai bincike ya rubuta cewa bai ga alaƙa ba. Wannan ne ya fi damuna da irin wannan kuskure: yana wanke abin da ke cutar da mutane, kuma takardar da ta ce babu alaƙa tana iya isa teburin wanda zai yanke shawarar inda za a haƙa bohol na gaba.

Bin tarihin ruwa

Aka bar makarantun kwana. Sabon tsarin ya ɗauki 'yan shekara 12, shekarun da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da su wajen binciken haƙoran yara, don a lokacin haƙoran girma sun fito, iyaye kuma ba su yi nisa da shekarun goyo ba. Aka kuma yanke cewa daga gidaje za a zaɓi yaran, ba daga rajistar makaranta ba. Yaron da ke kiwo da yarinyar da ke talla su ma suna da haƙora, kuma sau da yawa su ne ke gefen gari inda ruwa ya bambanta da na tsakiya.

Aikin da ya fi cin rai shi ne takardar tarihin ruwa. Ga kowane yaro ana son a san daga ina ruwan shansa ke zuwa, shekara bayan shekara, daga haihuwa zuwa 8. Idan ka tambayi uwa wane ruwa suke sha a 2015, za ta dube ka kawai. Ɗalibar ta gane haka da wuri, ta koma tambaya irin ta mata: "Mama, lokacin da kike goyonsa, ina kuke ɗebo ruwa? Da kika yaye shi fa? Da kika haifi ƙanwarsa, an riga an haƙa tuƙa-tuƙan bakin kasuwa?" Da haka amsoshi suka fara fitowa, har da abubuwan da ba ta yi tsammani ba. A gidaje da yawa yaye a gidan kaka ake yi, kuma kakar tana iya kasancewa a wani ƙauye da wata rijiya daban. Wani yaron wata biyu ya yi ya dawo, wani ya zauna riƙo har ya shiga firamare. Shekarun yaye kuwa su ne daidai lokacin da haƙoran gaba ke ginuwa. Nonon uwa fuloraid ɗinsa kaɗan ne ƙwarai ko da uwar ruwa mai yawansa take sha, don haka ranar da aka fara ɗura wa jariri ruwa da koko ita ce ranar da lissafi ya fara da gaske. Dole takardar ta tambayi wannan ma.

Sannan gida ɗaya ba ruwa ɗaya yake sha duk shekara ba. Da damina ana tarar ruwan sama daga kwano a cika duro, shi kuwa kusan babu fuloraid a cikinsa. Da rani rijiyar gida ta ƙafe, a koma tuƙa-tuƙa ko a saya wajen 'yan garuwa. Ɗan garuwa jarkokin da ke kan kurarsa ba lallai daga wuri ɗaya ya cika su ba. Inda layi ya fi gajarta nan yake zuwa. Saboda haka aka tsara ɗibar samfur sau biyu, ƙarshen damina da tsakiyar bazara, daga bakin rijiya da kuma daga randar gida, a cikin kwalaben roba masu lamba, a kuma auna su da na'ura ɗaya a ɗakin gwaji ɗaya. Wasu kwalaben ruwa ɗaya ne a ciki amma lambarsu daban, don a ga ko na'urar na maimaita kanta.

Don kada komai ya rataya a kan tunanin iyaye, ta nemi shaida daga waje. Bohol da yawa akwai allo ko rubutu a jikin sumunti da ke nuna shekarar da aka haƙa su. Inda babu, mai gyaran famfo na unguwa ya fi kowa sani. Yana tuna wanda ya mutu shekara uku aka gyara, da wanda aka ƙara wa zurfi. Wasu rijiyoyin kuma sun rufta ko an cike su, babu abin aunawa. Ta so ta ɗauki adadin rijiyar da ta fi kusa ta cike gurbin, na hana. A ƙasa mai tsagaggen dutse, rijiya biyu da ke kallon juna suna iya shan ruwa daga tsaga daban-daban, adadinsu ya yi hannun riga. Gara a rubuta ba a sani ba, a yi lissafi da waɗannan yaran a kuma yi ba tare da su ba, a nuna wa mai karatu duka biyun.

Akwai wata karkata da ba ta gyaruwa gaba ɗaya. Uwar da haƙoran 'yarta suka ɓaci ta daɗe tana tunanin dalili, wataƙila ma ta riga ta zargi wata rijiya, don haka amsarta za ta fi ta maƙwabciyarta tsawo da kaifi. Abin da aka iya yi shi ne raba aiki: mai tambaya ba ta duba bakin yaro, mai duba baki kuma ba a gaya masa ruwan da yaron ya sha, kuma tambaya ke riga dubawa.

Duban haƙori

Ba kowane jan haƙori ne na fuloraid ba, kuma a ƙasar da ake cin goro dole a kiyaye. Goro da fure da taba a saman haƙori suke zama, ana iya kankare su. Maganin tetirasaikilin da aka ba yaro yana ƙarami yakan bar launi a cikin haƙori. Zazzaɓi mai zafi ko tamowa a ƙuruciya sukan bar tabo a ɓawo. Alamar fuloraid ita ce tana kama haƙora biyu-biyu, na dama da takwaransa na hagu, domin tare suka ginu. Aka ɗauki ma'aunin da H. Trendley Dean ya fitar a 1934 ya gyara a 1942, mai hawa shida daga lafiyayye zuwa mai tsanani, inda ake duba haƙora biyu da suka fi ɓaci, in ba su yi daidai ba a ɗauki na mai sauƙin. Akwai ma'aunin Thylstrup da Fejerskov na 1978 mai hawa 0 zuwa 9, ya fi tantancewa, amma yana son a busar da haƙori da ƙwarewar da ɗalibar ba ta da ita. Likitan haƙori ya horar da mai dubawa, kuma ana sake duba yaro ɗaya cikin goma ba tare da an sanar da shi ba, a ga ko hukuncinsa na safe da na yamma ɗaya ne.

A gwajin share fage ta ga abin da littafi bai gaya mata ba. Ta kira wata yarinya a gaban 'yan ajinsu, yarinyar ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai ta ƙi ɗagowa, sauran suna ƙus-ƙus. Ta ce ba ta so, aka ƙyale ta. Wadda haƙoranta suka fi ɓaci ita ta fi gudun a duba ta, kuma in irinta suka zame daga lissafi, binciken zai nuna matsalar ƙarama. Daga nan aka mayar da dubawa cikin gida, a inuwar zaure ko bayan ɗaki inda akwai hasken rana, mace ta duba mace, kuma ana rubuta adadin waɗanda suka ƙi da jinsinsu da unguwarsu. Ni a ganina wannan kunyar ita kanta ɓarna ce da ta cancanci a ƙirga, ko da likita zai ce haƙorin yana tauna abinci lafiya.

Ruwa ba shi kaɗai ke kawo fuloraid ba. Ganyen shayi yana tara shi. Yaro ƙarami yakan haɗiye makilin. A Tanzaniya an gano cewa magadi, irin kanwarsu ta girki, na ƙara wa yara fuloraid sosai, don haka aka sa kanwar kasuwar Kaltungo cikin abin da za a auna, tare da tambayar sau nawa ake sa ta a miya ko kunu. Ga kuma zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe na kai maki 40, yaro yana shan ruwa fiye da takwaransa na ƙasar sanyi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce kowace ƙasa ta duba yanayinta da yawan ruwan da mutanenta ke sha kafin ta tsayar da iyaka. Shi ya sa na ce kada ta raba yara gida biyu a kan 1.5 kawai. Ta jera su hawa-hawa daga ƙasa da 0.5 zuwa sama, a ga daga inda ɓarna ke fara hawa.

Yawan yaran da za a duba ba mu daɗe a kansa ba. Ta zo da 384, adadin da ke fita in aka ɗauka rabin yara abin ya shafa aka kuma yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100. Amma wannan lissafi yana ɗauka kowane yaro zaman kansa yake, alhali yaran unguwa ɗaya famfo ɗaya suke sha. Aka ninka shi biyu, aka kuma fi son unguwanni da yawa da yara kaɗan-kaɗan a kan unguwa uku da yara rututu.

Abin da za a gaya wa mutane

Kwamitin ɗa'ar bincike ya nemi amincewar iyaye a rubuce da yardar yaron da kansa, wanda ba ya karatu a karanta masa da Hausa ko Tangale a gaban shaida. A Arewa ba a wasa da wannan tun abin da ya faru da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu ciwon sanƙarau a Kano a 1996. Amma tambayar da ta fi nauyi wani mai unguwa ne ya yi ta, lokacin da ɗalibar ta je gaisuwa da neman izini. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "To 'yata, in kika samu ruwanmu ba kyau, me za mu sha?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu ce a rufe rijiya ko ɗaya ba."

Amsar daidai ce. In aka tsorata mutane suka bar bohol suka koma kududdufi da rafi, an musanya tabon haƙori da gudawa da kwalara, waɗanda ke kashe yaro cikin kwana biyu. A Bangaladash, da aka gano sinadarin asenik a rijiyoyin burtsatse, fenti aka bi ana shafa wa famfuna, ja ga wanda ba a sha, kore ga wanda ake sha. Irin wannan aka rubuta cikin tsarin: ruwan da ya haura iyaka a yi wanki da wanka da shi, na sha da na girkin yara 'yan ƙasa da shekara 8 a ɗebo daga wanda bai haura ba, ko daga ruwan sama da aka adana da tsabta. Aka kuma sa a faɗa wa iyaye ƙarara cewa tafasa ruwa ba ta cire fuloraid, ƙara masa ƙarfi ma take yi in ruwan ya ƙone, kuma sauya ruwa ba zai gyara haƙorin da ya riga ya fito ba, ƙannen da ke goye zai tsare.

Ta so ta ƙara tsofaffi masu ciwon baya da ƙagewar gaɓoɓi, tunda yawan fuloraid na shekaru masu yawa yana taɓa ƙashi. Na ce a'a. Wannan yana buƙatar hoton ƙashi da likitan da zai raba shi da sanyin ƙashi da gajiyar noma, kuma in aka cusa shi cikin kundin nan duka biyun za su lalace. Duk wanda ta gamu da shi da irin wannan ciwo, ta ba shi takardar zuwa asibiti.

Binciken ko ya kammala akwai abin da ba zai iya faɗa ba. Ruwan da aka auna bana tsayawa yake a madadin na shekara goma baya, bisa zaton cewa rijiya ɗaya ba ta sauya sosai, kuma dole a rubuta wannan zato a fili a cikin kundin. Yaran da iyayensu suka bar garin ba sa cikin lissafi. Zagaye na biyu na samfur yana jiran bazara. Sharaɗin da muka rubuta a shafin ƙarshe na tsarin shi ne, da zarar sakamakon ruwa ya fito, tun kafin a gama duban haƙora ko a kare kundi, za a kai jerin rijiyoyin da adadin kowacce ga masu unguwanni da sashen ruwa na ƙaramar hukuma, da Hausa, a kuma karanta shi a bakin kowane famfo da aka ɗebi ruwansa.